Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙwai a Baka

Makon jiya na tsaya a inda kamfanin nan na Abuja ya ɗauke ni in zama wakilinsa a Gusau, a shekarar 2019. Har yau akwai 'yan uwanmu da suka ɗauka aikin asibiti nake yi, Inna ma ta taɓa aiko mini da mai ciwon ƙafa in duba shi. Manhaja kamfanin yake haɗawa, wadda ke maye gurbin katin nan na kwali da tulin fayil ɗin da ɓera ke ci a ɗakin kati. Marar lafiya ya zo a buga lambarsa, likita ya ga abin da aka taɓa rubuta masa, ɗakin gwaji su sa sakamako, ɗakin magani su ga abin da aka rubuta, mai karɓar kuɗi ya ga lissafi. Nawa shi ne in ɗora ta a kwamfutoci, in koya wa ma'aikata, in kuma sha zagi duk ranar da wuta ta ɗauke batirin sola ya mutu.

Albashina naira dubu 80 ne. A shekarar ce aka mai da mafi ƙarancin albashi dubu 30, saboda haka jina nake kamar wani ɗan sarki, ni da na fito daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda na yi shekara biyu ina gyaran waya. Ana cire mini kashi 8 cikin ɗari na fansho, kamfani ya ƙara kashi 10, ga inshorar lafiya ni da iyali. Abin da ya fi komai ɗaure ni kuwa shi ne ranar 25 ga wata. Ba ta taɓa wucewa ba. Ko lokacin korona da aka kulle gari, wayata ta yi ƙara ranar 25.

Wannan ranar ce Baffa ya riƙe. Kun san Baffa, ya yi shekaru yana aikin masaƙa har safiyar da suka je suka tarar da kwaɗo a ƙofa, kuma bai sake samun aikin wata ba har ya tsufa. Da wani abokina da muka yi makaranta tare ya nemo mini gurbi a wani shirin lafiya da yake aiki a cikinsa a Sakkwato, wanda kuɗinsa daga Amurka suke zuwa, kwangilar shekara ɗaya ana sabuntawa, albashi ninki uku na nawa, sai na je zaure na durƙusa na faɗa masa. A 2022 ke nan. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ɗago.

"Wanga aiki naka, sun taɓa hana ka haƙƙinka?"

Na ce, "A'a, Baffa."

"To zamna. Ƙwai a baka ya hi kaza a akurki."

Na ce Allah ya ƙara girma, na tashi. Ban yi musu ba, don ba a yi mana tarbiyyar musu da Baffa ba, amma gaskiya ko da bai faɗa ba tsoro ya riga ya cika mini ciki. Yarana biyu a lokacin, ga na uku a hanya. Daga baya ne na riƙa jingina masa laifin, don ya fi sauƙi.

Abin da ke ci mini rai, kuma shi ya hana ni barci har na tashi ina wannan rubutu, ya faru ne tun kafin nan. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Babu kira, babu intanet. Manhajarmu tana aiki a cikin asibiti ko babu intanet, amma bayanan dole su isa babbar ma'ajiya, kuma gyaran da ake turowa daga Abuja ba hanyar da zai iso. Ni na riƙa kwafe komai a filashi, in sa a aljihun ciki, in hau mota ta Talata Mafara zuwa Sakkwato in tura, in kwana a ɗakin wannan abokin nawa, in juyo. Sau huɗu na yi haka a kan hanyar da kowa ya san halinta. Da layi ya dawo, oga ya kira ni ya ce kamfani ba zai manta ba. An turo mini takardar yabo mai zanen zinariya a gefe. Tana nan uwar yara ta sa a ƙarƙashin katifa.

Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin shekara ta biyu ta ƙare ta wuce dubu. Ni kuma aikina a kan babur yake, daga wannan asibiti zuwa wancan. Na rubuta takardar neman ƙari sau uku. Amsar ba ta canza ba: ana duba lamarin, asibitoci ba sa biyan kamfani a kan lokaci. Wannan ɗin gaskiya ne, na sani, don ni nake kai musu takardar bashi. Da ƙyar aka kai ni dubu 95. A Yulin 2024 gwamnati ta mai da mafi ƙarancin albashi dubu 70, na zauna na yi lissafi, na ga tazarar da ke tsakanina da wanda aka ɗauka shara jiya ba ta cika tankin babur na wata.

Ranar nan uwar yara tana auna shinkafa da gwangwani ta ce, "Abban yara, ƙwan nan na Baffa fa ya koma na tantabara." Na yi dariya don kada in yi wani abin.

Baffa bai ji wannan ba, Allah ya jiƙansa, ya rasu cikin azumin shekarar. Bai kuma ga ranar da maganarsa ta fito ba. A Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a ƙasashen waje, aka ce wa su abokina kowa ya zauna gida sai an neme shi. Ba a neme su ba. Da na ji labari, Allah ya yafe mini, sai da na ji wani sanyi a raina. Ƙwai a baka. Na faɗa wa uwar yara da ƙarfi har sau biyu, ita ko ɗago kai ba ta yi ba.

Bayan ƙaramar salla abokin nawa ya zo Gusau ya same ni a ƙofar gida ina wanke babur. A motarsa ya zo. A shekara ukun nan ya gina gida a Sakkwato, ya kai mahaifiyarsa Makka. Muka zauna a tabarma, aka kawo fura, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce ko kamfaninmu na neman mutum, ko nawa ne albashin zai karɓa, shi dai ya ji ƙarar waya a ƙarshen wata. Na ce zan yi wa oga magana. Da zai tafi ya zaro dubu goma ya ce a saya wa yara alewa. Na karɓa, da ita muka sayi gas a ranar.

Maganar da muka yi da oga sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.