Ruwa garau da abin da yake ɓoyewa: darasi daga rafin Clear Creek

A lokacin da nake karatun kimiyyar ruwa da ma'adinai a garin Golden na jihar Kolorado a Amurka, aikin da aka ɗora wa rukuninmu shi ne ɗebo ruwan gwaji daga rafin Clear Creek, wanda ma'anar sunansa ita ce rafi mai ruwa garau. Rafin yana tasowa ne daga tsaunukan Rocky kusa da mashigar Loveland, wadda tsayinta ya haura mita 3,600, sannan ya gangara kimanin kilomita 106 ta garuruwan Silver Plume da Georgetown da Idaho Springs, ya ratsa wani matsattsen kwazazzabo, ya fito a Golden, kafin ya faɗa kogin South Platte a arewacin Denver.

Ranar farko da muka fita, na tsuguna a bakin ruwa ina hangen tsakuwar ƙasansa ɗaya bayan ɗaya, sai na rubuta a littafina cewa ruwan wurin ba shi da matsala. Malaminmu ya karanta, bai ce uffan ba, ya miƙo mini kwalba ya ce in cika. Da sakamakon ɗakin gwaji ya fito, sai ga ƙarfen tutiya narke a cikin ruwan da na yi wa shaidar tsabta. Ido ba ya ganinta, kuma ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya cutar da kifin tirawut da masu fatsa suke zuwa nema. Na ji kunya ƙwarai, domin na yanke hukunci tun kafin a kira shaidu.

Daga nan ne na fahimci cewa ba a karanta ruwan rafin nan sai an karanta tarihinsa. A watan Janairun 1859 George Jackson ya tsinci zinare a inda ƙoramar Chicago ta haɗu da Clear Creek, wato wurin da Idaho Springs yake a yau, kuma a watan Mayun shekarar John Gregory ya gano jijiyar zinare a cikin dutse kusa da Black Hawk da Central City. Jama'a suka yi ca a kwarin. Daga baya azurfa ta ɗaukaka Georgetown, har farashinta ya faɗi a 1893. A wannan shekarar ce aka fara huda ramin Argo, wanda aka kammala a 1910 da tsawon fiye da kilomita 6, domin ya tsiyaye ruwan da ke cika ramukan haƙar Central City, ya kuma zama hanyar fitar da dutsen ma'adini. A Janairun 1943 ruwan da ya taru a wani tsohon rami ya ɓalle, ya kashe mahaƙa 4, kuma haƙa ta wannan rami ba ta sake komawa ba.

Masu haƙa sun watse, amma ruwa bai daina fitowa ba. Dutsen yankin yana ɗauke da wani ma'adini mai ƙibiritu, mai walƙiya kamar zinare, wanda idan aka fasa shi ya haɗu da iska da ruwa yakan haifar da ruwa mai tsami, shi kuma tsamin ya narkar da baƙin ƙarfe da tutiya da jan ƙarfe, ya kwaso su zuwa rafi. Baƙin ƙarfe shi ne mai tona asirin kansa, domin yana rina duwatsu da jan tsatsa, sauran kuwa shiru suke tafiya. A 1983 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanya yankin cikin jerin gurɓatattun wuraren da za a tsabtace, kuma tun 1998 akwai matatar da ke tare ruwan Argo a bakin ramin, ta kashe tsaminsa har ƙarafan su kwanta su zama laka. Ni da na taso ina ganin kududdufan haƙar kuza a kewayen Jos, abin bai zo mini baƙo ba, sai dai ban taɓa lissafa kuɗin da jikoki suke biya kan ramin da kakanni suka haƙa ba sai a nan.

Kuskurena na biyu shi ne na ɗauka gwaji ɗaya ya wadatar. A watannin Mayu da Yuni, lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa, rafin yakan cika ya yi ƙarfi, kuma shi ne lokacin da masu kwale-kwalen roba suke tururuwa zuwa Idaho Springs. Da kaka ruwan yakan ja baya, sai abin da kwalba ta nuna a bazara ya sauya. Saboda haka aka wajabta mana rubuta rana da sa'a da wuri da yawan ruwa a jikin kowace kwalba, kuma wadda ta zo babu wannan bayani zubar da ita ake yi.

Fitarmu ta ƙarshe ta faɗo a wata Asabar mai zafi. A tsakiyar Golden yara da manya suna kwance a kan tayoyin roba, ruwa yana tafiya da su a ƙarƙashin gada suna shewa, ni kuwa ina gefe sanye da safar hannu, ina jira su wuce in cika kwalbata.