Godiya ga duk wanda ya sa hannu a baje kolin haƙoran kifin shak

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an yi taro an watse lafiya. Baje kolin haƙoran wani tsohon nau'in kifin shak, wanda ake kira mako da Turanci, da muka yi ranar Asabar a wata makaranta a Tudun Wadan Zariya ya yi armashi fiye da yadda na zata, har sai da muka ƙaro benci daga ajin kusa. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na zo nan.

Kawu, da kai zan fara. Haƙoran nan naka ne, kai ka tsinto su lokacin da kake karatu a Amurka, a garin Aurora na jihar North Carolina, inda ake haƙar fosfat ɗin da ake yin takin zamani da shi. Ka sha ba mu labarin yadda ake jibge ƙasar mahaƙar a kusa da gidan tarihin garin, babba da yaro kowa ya tsuguna yana tona. Shekara da shekaru suna cikin gwangwani a ƙasan gadonka, muna yara ko taɓawa ba ka bari mu yi. Da na roƙe ka, cewa kawai ka yi in kai wa yara su gani. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Sai Malam na sashen nazarin ƙasa da duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya bar hutunsa ya taho daga Samaru. Malam, ba don ku ba da taron ya tsaya a kallo. Ku kuka ɗaga haƙori ɗaya mai faɗi, launin toka, tsawonsa ya kusa ɗan yatsa, kuka sa wata yarinya ta shafa gefensa a hankali. Ta ce sumul yake. Kuka ce to wannan ita ce shaidar, domin na babban farin shak da ke yawo a teku yau gefensa kamar bakin zarto yake, na wannan kuwa kaifi ne zalla. Masana suna kiransa Cosmopolitodus hastalis, kuma da yawansu suna ganin shi ne kakan farin shak ɗin, musamman tun da aka bayyana wani nau'i daga Peru a 2012 mai haƙoran da suka faɗo tsakanin biyun. Ni da nake ajiye da su, a bakinku na fara jin wannan.

Wani ɗan aji shida ya yi tambayar da ta fi ta kowa: ina ƙasusuwan kifin, me ya sa haƙori kaɗai ya rage? Ashe shak ba shi da ƙashi, guringuntsi ne, yana ruɓewa. Haƙori kuwa dubbai yake zubarwa a rayuwarsa, wani na faɗuwa wani na maye gurbinsa, laka ta binne su, ma'adinai su shige su har su zama dutse. Shi ya sa wani baƙi, wani ja-ja, gwargwadon ƙasar da ya kwanta a ciki.

Dariyar da aka yi lokacin da wani dattijo ya tambaya ko za a samu irinsu a rafin Kubanni, a gaskiya ba ta dace ba, don tambaya ce mai kyau. Malam ya ce duwatsun Zariya irin su Kufena a cikin ƙasa suka narke suka daskare, ba sa ajiye irin wannan. Amma a ƙasar Sakkwato, wajen Dange da Goronyo, teku ya taɓa kwanciya, kuma ana samun haƙoran shak a can da suka haura shekara miliyan 50, sun girmi na Kawu nesa ba kusa ba. Baba, mun gode da kuka tambaya, rabin ɗakin abin da ke ransu ke nan.

Kafintan unguwarmu da ya haɗa akwatin gilashi ya ƙi karɓar kuɗin aiki, na katako kawai ya amsa. Shugabar makaranta ta ba mu ɗaki da janareta. Yaya da ƙawayenta sun yi zoɓo da cincin. Mai adaidaita sahun da ya ɗauko mu daga Kofar Doka ya bi ramuka a sannu saboda gilashin, bai ƙara ko sisi ba. Ɗalibai kuma sun riƙe amana, an ƙirga haƙora da yamma ba wanda ya ɓata.

Kawu ya amince akwatin ya zauna a ofishin shugabar makarantar har ƙarshen zango, don waɗanda ba su samu zuwa ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.