Wa ke jiran wa? Abin da layin intanet mai maƙalewa ya koya mini

Ranar da aka ba ni aikin haɗa wata kwamfuta mai tsarin aiki na FreeBSD da layin DSL, wato intanet ta wayar tarho, na ɗauka kafin rabin awa na gama. Ita ce za ta zama ƙofar da sauran na'urorin ofis za su bi su shiga intanet. An saita modem ɗin ya zama gada kawai, ba ruwansa da komai sai miƙa abin da ya zo masa, kwamfutar ce za ta yi magana da kamfanin intanet ta hanyar PPPoE, wato ka'idar kiran kamfanin da suna da kalmar sirri ta kan kebul na Ethernet. Na buɗe /etc/ppp/ppp.conf, na rubuta set device PPPoE:em0, na sa sunan mai amfani a set authname, kalmar sirri a set authkey, sannan na tayar da shi da ppp -ddial. Fitilun modem na ci, tun0, mashigar da ppp ke buɗe wa haɗin, ta bayyana, amma adireshin IP bai zo ba. Ya yi ɗan jim, ya katse, ya sake kira, ya sake tsayawa.

Kalmar sirri na fara zargi. Na goge na sake rubutawa ya fi sau biyar. Na kira kamfanin, suka ce su dai daga ɓangarensu layi lafiya lau. Na canja kebul, na canja katin sadarwa. Har na ɗauko wata laftof mai Windows na jona ta da modem ɗin da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, nan take ta hau. Wannan kaɗai ya isa ya wanke kamfanin da kebul da modem, amma a lokacin abin da na fahimta kawai shi ne FreeBSD ce ke da taurin kai.

Da yamma babban injiniyanmu ya leƙo, ya tarar ina nan inda ya bar ni. Na ce, "Oga, ya maƙale." Ya ce, "A ina?" Na ce a wajen tantancewa. Ya ce, "Kai ka gani da idonka, ko zato kake? Kuma in a nan ne, wa ke jiran wa?" Ban da amsa. Ya sa na ƙara layi ɗaya, set log Phase LCP IPCP tun command, ya ce in buɗe /var/log/ppp.log in karanta a hankali, ya tafi abinsa.

A nan na fara ganin cewa abin da nake kira haɗuwa hira ce mai hawa-hawa tsakanin na'urori biyu. Ka'idar PPPoE, wadda aka wallafa a RFC 2516 a shekarar 1999, tana farawa da neman juna: kwamfutarka ta yi shela da PADI, na'urar kamfanin ta amsa da PADO, taka ta nemi zama da PADR, tasu ta tabbatar da PADS ta ba ku lambar zaman. Daga nan sai LCP, inda ake daidaitawa a kan girman ƙunshin bayanai da kuma irin tantancewar da za a yi. Sai tantancewar kanta, PAP ko CHAP. Sai an haye wannan ne IPCP zai miƙo adireshi. Kowane hawa yana da irin tasa matsalar, kuma ga wanda ke kallon allo kawai duk kamarsu ɗaya: babu intanet.

Kundin ppp.log ya nuna hawa na farko da na biyu sun wuce sumul. Sai ga bundle: Authenticate, sai wani layi da na karanta sau uku kafin ya shige ni: his = CHAP 0x05, mine = CHAP 0x05. A ƙasansa kamfanin ya aiko da CHALLENGE, kwamfutata ta mayar da RESPONSE, sai ga SUCCESS. Ashe tun kiran farko suna karɓar kalmar sirrin da na wuni ina tuhuma. Abin da ke maimaituwa bayan haka shi ne Chap Output: CHALLENGE, wato ita ma kwamfutata tana tambayar na'urar kamfanin ta faɗi ko ita wace ce. Ta tambaya, ba amsa, ta sake tambaya, ba amsa, har ta gaji ta ajiye layin.

Laifin na cikin kalma ɗaya da na rubuta da hannuna. Na ga kamfanin na amfani da CHAP, sai na sa enable chap da nufin in kunna shi. A ppp na FreeBSD kuwa enable na nufin ni nake buƙatar ɗaya ɓangaren ya tantance kansa a wurina. Yarda a tantance ni accept ne, kuma littafin ppp ya faɗa ƙarara cewa PAP da CHAP dama a karɓe suke tun asali, ba sai an rubuta komai ba. PPP, ka'idar da PPPoE ke ɗauke da ita, ba ta san babba da ƙarami ba, kowane ɓangare na da ikon cewa ɗayan ya nuna shaida. Kamfanin intanet ba shi da wata kalmar sirri da zai tantance kansa da ita a wurin abokin cinikinsa. Wasu na'urorin suna ƙin buƙatar tun a matakin LCP, ka ga ƙin a rubuce. Wannan ta amince da baki, sannan ta yi gum. Na cire layin, na sake tayarwa, cikin daƙiƙu kaɗan bundle: Network ya fito, adireshi ya biyo baya.

Tarkon nan yana nan a Linux ma, da wani suna. A pppd, manhajar PPP ta Linux, auth ko require-chap su ne masu tilasta wa ɗaya ɓangaren, noauth ne ke ɗage tilascin. Na sha ganin masu tsoron noauth don suna ɗauka yana kashe tsaro ne baki ɗaya, alhali cewa kawai yake ba sai kamfanin ya tantance kansa a wurinka ba. Kai kuwa dole ka ba da taka shaidar daga /etc/ppp/chap-secrets ko pap-secrets, kuma sunan da ka sa a user ya zama daidai da na ginshiƙin farko na fayil ɗin, harafi da harafi.

Abin da ya fi zauna mini shi ne bambanci tsakanin ƙi da shiru. Idan kalmar sirri ce ba daidai ba, ko ka manta wutsiyar da wasu kamfanoni ke so bayan alamar @ a sunan mai amfani, yawanci za a ce maka FAILURE, kuma wannan amsa ce mai amfani. Shiru wani abu ne daban, yana nufin wani na jiran saƙon da ba zai zo ba. Daga baya na gamu da shirun da ba laifina ba: mun aika RESPONSE, babu SUCCESS babu FAILURE. Na'urar da ke karɓar kiranka sau da yawa ba ita ke riƙe da sunaye ba, tana tambayar sabar RADIUS ce a bayanta, in waccan ta yi nauyi kowa sai ya tsaya. Da na kira kamfanin a wannan karon, ban ce layi ba ya aiki ba. Na faɗa musu mun samu PADS, mun gama LCP, mun amsa CHAP a ƙarfe kaza, ba a mayar mana da komai ba. Mai ɗaukar wayar bai ce in kashe modem in kunna ba, ya haɗa ni da injiniya kai tsaye. Akwai kuma lokacin da wuta ta ɗauke ba a aika PADT, saƙon rufe zama, ba, tsohon zama ya rage a buɗe a wajensu, sabon ya kasa shiga sai da wancan ya mutu don kansa.

Duk wanda ya nemi shawara kan PPPoE za a ce masa ya mayar da MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanai, 1492. Gaskiya ne, bayit 8 na kan PPPoE da PPP suna cin wani abu daga 1500 na Ethernet. Sai dai ciwon MTU yana bayyana ne bayan an haɗu, ka ga ƙananan shafuka na buɗewa manya na tsayawa. Saƙonnin tantancewa ƙanana ne ƙwarai, ba su kai inda wannan iyaka za ta taɓa su ba. Na ɓata awa guda a kansa a ranar farko don ban san a wane hawa nake ba.

In kundin bai gamsar da ni ba yanzu, nakan saurari wayar kanta da tcpdump, manhajar kama saƙonnin da ke wucewa, pppoed don matakin neman juna, pppoes don abin da ya biyo baya. A nan ake taka-tsantsan, domin PAP yana tura kalmar sirri a fili yadda take, saɓanin CHAP da ke tura sakamakon lissafin MD5. Kafin in miƙa wa kowa abin da na kama, sai na duba na share.

Layin set log ɗin nan ban cire shi daga waccan kwamfutar ba. A gurbin enable chap kuma na bar gajeren bayani bayan alamar #, na rubuta wa wanda zai gaje ni ma'anar kalmar da abin da ya faru ranar da aka sa ta.