Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hannun Malam

A makon jiya na tsaya a inda na samu gurbin karatu a Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da yadda labarin ya raba kan mutanen gidanmu. Kafin mu shiga aji sai na ɗan ja da baya, domin kullum ana tambayata wanda ya fara koya mini zane, tunda a zuriyarmu babu wanda ya taɓa riƙe buroshi. Kakana ne, Malam, wanda aka sa mini sunansa. Da yana raye ya ji na faɗi haka a bainar jama'a, da na sha jifa da takalmi.

Malam marubucin Alƙur'ani ne a cikin birnin Zazzau. Da ka yake rubutawa, izu sittin, ruwayar Warshu, a kan warwarar takardu da ba a ɗinke su, sai dai a haɗa su cikin tadarishi a zura a gafaka. Zaurensa ƙarami ne, ƙofa ɗaya ta waje ɗaya ta cikin gida, hasken kuma na hantsi ne kawai mai kyau, shi ya sa ba ya karɓar baƙo tsakanin fitowar rana da walaha. Ni kaɗai ke da izinin zama, shi ma don ina da amfani. Ni ke kankaro masa baƙin gindin tukunya daga madafin Inna, ni ke jiƙa ƙaro, ni ke tacewa da tsumma har sai ya ɗiga a farcensa ya ga ɗigon ya tsaya bai malale ba. Idan ƙaro ya yi yawa tawada ta riƙa ƙyalli tana ɓamɓarewa, idan ya yi kaɗan ta bi hannu. Alƙalami kuwa ba ya yarda kowa ya fere masa. Zai zaɓi karan gamba, ya juya shi a hannu, ya fere da 'yar askarsa, ya tsaga bakin, ya gwada a gefen buzu.

Shafi ɗaya sau huɗu yake bin sa. Da farko baƙar tawada, ya jera baƙaƙe har ƙasa, ya ajiye ta bushe. Sannan ja, ya bi da wasulla. Sannan ɗigon rawaya a kan hamza, sannan kore a kan alifin da ake sadarwa. Kowane launi da kurtunsa da alƙalaminsa, kuma bai taɓa tsoma na wani cikin na wani ba. Yau in na ga ɗalibi yana cakuɗa fenti bakwai a faranti yana neman launin da bai san sunansa ba, sai in tuna mutumin da ya yi rayuwarsa duka da launi huɗu, bai taɓa kukan sun yi masa kaɗan ba.

Amma ranar da nake jira ita ce ranar zayyana. In yaro zai yi sauka, iyayensa su kawo sabon allo, Malam ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara, ya kewaye su da ado. Ba shi da abin awo irin na 'yan boko. Gefen wani tsohon allo ne abin jan layinsa, da'ira kuma da kwabo yake fitar da ita, tsohon kwabon nan mai huji a tsakiya wanda tun ba a haife ni ba aka daina kashe shi. Ya ɗora a kan allo ya zagaye bakinsa, ya samu babbar da'ira, ya zagaye hujin ya samu ƙarama. Daga waɗannan biyun sai ka ga gidaje suna haihuwar gidaje, layi ya shige ƙarƙashin layi ya fito ta sama, har allon ya cika ba a bar wurin da ido zai faɗa rami ba. Daga tsakiya yake farawa ya nufi gefe. Na taɓa tambayarsa yadda yake sanin zai ƙare daidai a bakin allo, ba saura ba gibi. Ya ce, "Takwara, ido ke awo. Hannu ɗan aike ne."

Akwai ranar da ya kama ni na zana jaki a bayan allona. Jakin masu kawo yashi ne da ke tsayawa a ƙofar gida, na zana shi da mangalarsa da komai. Na riga na saddaƙar da bulala. Malam ya karɓi allon, ya nisantar da shi daga fuskarsa kamar yadda yake yi wa shafin da ya gama, ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, "Kunnen jaki ya fi haka tsawo. Je ka wanke." Na je na wanke. Har yau ban yanke hukunci ba ko hani ne ko gyara, kuma ina jin shi ma da gangan ya bar maganar a haka.

Ya rasu ina sakandare, Allah ya jiƙansa.

A Samaru abin da aka fara cusa mana shi ne tarihin wurin da muke zaune. A 1958, tun makarantar tana Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, kafin ta zama jami'a a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Yawancin malamansu Turawa ne, darasin kuma na Ingila ne. Su kuma suka ce za su karɓi dabarar Bature, amma abin da za su zana daga gida za su ɗebo shi. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya zana mutanen Legas cikin shuɗin nan nasa da ba a ɓata shi da na kowa. A zamaninmu kuma ga Gani Odutokun yana koyarwa, mutumin da ke tsinka fenti ya zuba a kan kanbas ya bar shi ya gangara, sannan ya bi abin da ya fito. Hatsarin mota ya ɗauke shi a 1995.

Mu 'yan Arewa da muka ji an ce a koma gida, duk sai muka ruga bango. Aka riƙa zuwa cikin birni ana kwafar adon soraye, ana shiga tsohon masallacin Juma'a ana kallon bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure da azara da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu. Wannan aiki kam ya cancanci kallo, duk wanda ya tsaya ƙarƙashinsa ya ɗaga kai ya san an yi magini. Sai dai abin da yawancinmu muka ɗauko bai wuce dagi ba. Dagi a kusurwar zane, dagi a tsakiya, dagi a kan rigar doki. Ni ban ƙi dagi ba, amma an mayar da shi hatimi, wanda duk ya rasa abin cewa sai ya buga shi ya ce ga al'ada. Har gobe abin bai ragu ba, a duba ƙofofin ƙarfe na sababbin unguwanni.

A ɗakin karatu na ci karo da aikin Ibrahim El-Salahi a cikin wata tsohuwar mujalla. Mutumin Omdurman ne a Sudan, an haife shi a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya je Landan ya yi karatun zane a makarantar Slade, ya dawo gida ya baje aikinsa, mutanensa ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma kan haruffan Larabci da adon allo da ya tashi yana gani, ya riƙa jan harafi har ya zama fuska ko tsuntsu. Wannan mutum ne gidan ajiye zane na Tate Modern da ke Landan ya shirya wa baje kolin ayyukan rayuwarsa a 2013. A lokacin da nake magana ba a kai nan ba, amma na rufe mujallar jikina a sanyaye, domin layin da na gani a shafin na san shi. Na tace masa tawada.

Abin da ke ba ni haushi har yanzu shi ne rabon suna. Wanda ya shafa fentin mai a kanbas shi ne mai fasaha, a rubuta sunansa a ƙasa, a sa farashi. Wanda ya cika allo da lissafin da ɗalibin jami'a zai kwana bai warware ba, shi kuma mai sana'ar hannu ne, a ba shi ɗan abin sadaka da ƙwaryar waina. Malam bai taɓa sa hannu a zayyana ba, kuma na san da an ce ya sa zai ce riya ce. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma mu da muka yi karatu ba mu da uzurin raina aikin.

Ina shekarar ƙarshe Gwaggo ta aiko a kira ni. Ita ce babbar 'yar Malam, kuma saboda sunan da nake ɗauke da shi ba ta taɓa kirana da shi ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Babana, an ce har mutum kana zanawa ya fito sak. To ka zana mini ubana. Fuskarsa ta fara ɓace mini."

Malam ba shi da hoto ko ɗaya. Mai hoto ya sha zuwa ƙofar gida da salla, shi kuwa sai ya shige zaure. Bai samu zuwa Makka ba, balle a ce akwai na fasfo. Na ɗauki gawayi da takarda na zauna a tsakar gida, na fitar da fuskar da nake tunawa, sai gardama ta tashi. Gwaggo ta ce hancin ya fi haka tsini. Yaya ta ce a'a, hancin daidai ne, gemun ne bai kai haka cika ba. Na gyara hanci, Yaya ta ce yanzu ya koma limamin unguwa. Na juya wajen Inna, wadda ta shekara fiye da ashirin tana kai masa tuwo zaure, na ce, "Inna, ke fa?" Ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Ni ina na taɓa kallon fuskar Malam? Ka tambaye ni ƙafarsa dai, ko tarinsa." Aka fashe da dariya, Gwaggo tana dariya tana share hawaye.

Baffa kuwa ko leƙowa bai yi ba. Ya aiko yaro ya ce a gaya mini in ji tsoron Allah, hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura ingantattu ne, kuma mutumin da ya guje wa hoto yana raye bai kamata a kama shi bayan ya mutu ba. Maganar farko ina da amsarta, domin malaman Malikiyya sun bambanta gunki mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda. Ta biyun ce ta ɗaure ni. Na naɗe takardun.

Ana cikin hirar ne Yaya ta ce ita abin da ba za ta manta ba shi ne babban yatsansa na dama, wanda tawada ta rine gefen farcen har ba ya fita. Gwaggo ta ce da tabon aska a yatsan manuni na hagu. Inna ta ce da yadda ƙaramin yatsansa ke tashi sama in zai karɓi akushi. A kan hannu babu wanda ya musa wa wani. Gwaggo ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe adudu, ta kwance wani ƙullin tsumma. Kwabon ne.

Ban yi aikin da fentin mai ba. Na koma madafin Inna na kankari tukunya, na sayo ƙaro a kasuwa, na fere gamba. Hannaye biyu na zana, daga wuyan hannu zuwa yatsu, na hagu ya dafe kwabo a kan allo, na dama yana zagaye shi, zayyanar ta kai rabi. Hannayen ba su wahalar da ni ba, shekara huɗu ana koya mana ƙashi da jijiya. Zayyanar ce ta nuna mini iyakata. Dole na yi ta da gaske, daga tsakiya zuwa gefe, da kwabon nan, kuma a nan na gane tawadar ƙaro ba ta da yafiya irin ta fenti, wanda in ka kuskure kake bari ya bushe ka shafe. Malamin da ke duba aikina na ƙarshe ya so in haɗa shi cikin abin da zan baje, na ba shi haƙuri na ce mai shi na jira.

Ranar da na kai, Baffa yana gidan Gwaggo, ban sani ba ko dace ne ko shiri. Ta miƙa masa ba ta ce komai ba. Ya sa tabarau, ya nisantar da takardar daga fuskarsa, ya duba tabon askar, ya duba ƙaramin yatsan. Ya yi gyaran murya ya ce ai hannu shi kaɗai ba ya rayuwa, saboda haka wannan ba cikakkiyar sura ba ce, babu laifi. Daga nan ya fara naɗe takardar yana cewa a matsayinsa na babban ɗa namiji, a zauren Malam ya kamata a ajiye ta, zauren kuma yanzu a hannunsa yake. Gwaggo ta ce, "Ajiye mini abina. Ranar da ake yi ina kake? Ba wa'azi ka aiko ba?" Suka yi ta yi har aka kira magariba, ni ina gefe ba wanda ya tambaye ni ra'ayina.

Gwaggo ce ta yi nasara, kamar kullum. Ta hana ni kwabon ma, ta ce aro ta ba ni. Baffa ya tare ni a soro ya ce in yi masa nasa, amma kada in gaya wa kowa shi ya sa ni, alkawarin da na riƙe har bayan rasuwarsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda na fito da digiri na ƙare a Sabon Gari ina rubuta allunan shaguna da zana zaki a bayan manyan motoci, da direban da ya ƙi biyana saboda wai zakin yana murmushi.