Abin da Lambar EI Ta Koya Mini a Ɗakin Hoton Eksire

A zamanin fim, hoto da kansa yake tona asirin mai ɗaukarsa: idan hasken eksire ya yi yawa sai ya fito baƙi ƙirin, idan ya gaza kuma ya fito fari fat. Da na koma aiki da na'urar dijital na daɗe ina dogara da idona kamar da, ban lura da cewa kwamfuta tana daidaita haske da duhun kowane hoto kafin ya bayyana a allo ba. Hoton da aka ɗauka da ninki biyu na hasken da ake buƙata yakan fito tas, alhali wanda haskensa ya gaza yakan cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi, likita kuma ya yi ƙorafi. Saboda haka hannu yakan karkata wajen ƙari, kaɗan-kaɗan, kuma jikin majiyyaci ne yake shan wannan ƙarin ba tare da kowa ya ankara ba.

Abin da ya farkar da ni shi ne 'yar lambar da ke gefen hoto. A da kowane kamfani da irin tasa: lambar S ta Fuji raguwa take yi idan haske ya ƙaru, ta Kodak kuwa tana ƙaruwa da 300 duk sanda haske ya ninka, abin da ya sha rikita ma'aikaci mai na'urori biyu a gabansa. A 2008 hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin na'urorin lantarki na duniya, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 62494-1, wadda ta kawo ma'auni guda, wato EI (exposure index, ma'aunin yawan haske), mai tafiya kai tsaye da hasken da ya isa farantin ɗaukar hoto, ta yadda maikirogire 2.5 (maikirogire awo ne na yawan hasken eksire) zai ba da 250. Tare da shi akwai DI (deviation index), wanda yake nuna tazarar da ke tsakanin abin da aka samu da abin da aka yi niyya: sifili daidai ke nan, +1 ƙarin kusan kashi 26 cikin ɗari, +3 ninki biyu, -3 kuma rabi.

Amma darasin da ya fi ba ni wahala shi ne gane cewa EI ba ya auna abin da majiyyaci ya sha, sai abin da ya ratsa jikinsa ya isa faranti. Mai jiki da siriri za su iya ba da lamba ɗaya, alhali na farkon ya sha haske fiye da na biyun nesa ba kusa ba. Lambar ma takan ruɗi mutum, domin kwamfuta tana lissafa ta ne daga yankin da ta ɗauka shi ne gaɓar da ake nema. Ƙarfen da aka dasa a ƙugu, ko barin filin haske a buɗe fiye da kima, ko zaɓar ƙirji a allo alhali ciki ake ɗauka, duk suna karkatar da ita. Na taɓa sake ɗaukar hoton ƙugu don kawai DI ya nuna -4, daga baya na fahimci ƙarfe ne ya ja lambar ƙasa, kuma hoton farko ya wadatar. Wannan hasken da na ƙara wa mutumin a banza har yau yana damuna.

Tun daga ranar nakan fara duba ko hoton ya amsa tambayar likita kafin in dubi lambar, kuma idan DI na wata gaɓa ya riƙa zarcewa mako bayan mako, nakan nemi a sake nazarin adadin EI da muka tsayar mata a matsayin abin da ake niyya.