Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Tambayar da Alhaji Ya Yi Mini

A makon jiya na tsaya ne a inda wani mai walda na kusa da gadar Pen Cinema ya lanƙwasa mana rodi ya yi zobba biyu, muka ɗaura su a kan bututun ƙarfe, muka cika tsofaffin tayoyi da siminti don su riƙe gindin. Da tef na auna tsayin da hannuna, mita 3 da santimita 5, kamar yadda doka ta ce. Daga ranar muka sami filin netbol, wasan jefa ƙwallo a zobe mai kama da ƙwallon kwando, a Agege ta Legas, a bayan wata makarantar firamare da shugabarta ta ba mu aron fili duk Asabar da safe. 'Yan mata 16 nake da su a lokacin, yawancinsu 'ya'yan Hausawan Zango, sai Yarbawa uku.

Cikinsu akwai wadda muke kira Doguwa. Shekararta 15 amma ta fi ni tsawo da kusan kamu ɗaya, ga ta da sanyin hali, ko magana ba ta cika yi ba. Ran da na fara tsayar da ita a cikin da'irar jefawa da ke gaban zobe na miƙa mata ƙwallo, ta ɗaga ta sama da kanta, ta ɗan lanƙwasa gwiwa, ta saki. Ƙwallon ta shige zoben ba ta ko taɓa ƙarfen ba. Zoben netbol ba shi da allo a bayansa irin na ƙwallon kwando, saboda haka babu abin da zai taimake ki sai idonki da wuyan hannunki. Na daɗe ina koyar da wasannin motsa jiki, na san hannu idan na gan shi.

Daminar 2023 ce, ana cikin gasar cin kofin duniya a Kef Tawun, karo na farko da aka kawo ta Afirka. Mun riƙa taruwa a ɗakina muna kallo a waya, yara sun yi cincirindo a kan tabarma. Ostareliya ta doke Ingila 61 da 45 a wasan ƙarshe, amma mu Yuganda muke bi, wadda ta ƙare ta biyar. Ana gama gasar da 'yan kwanaki mahaifiyar Doguwa ta aiko cewa Alhaji, mahaifin yarinyar, yana son ganina.

Dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa muka gaisa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma zarge ni da komai ba. Ya ce ya ga shigar da suke yi, dogon wando da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi, ba shi da ta cewa a kan wannan. Sai ya ce, "Malama, tambaya ɗaya nake da ita. Yaron da ke buga ƙwallon ƙafa a filin wasa na Agege, na san in Allah ya ɗaga shi akwai inda zai je. Ita wannan, daga bayan makarantar nan, sai ina?"

Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri, a ba ni lokaci." Na tashi na fito. Har na isa gida ban daina juya maganar ba, domin gaskiya ya faɗa. Ni kaina haka aka yi da ni. Na yi wasan nan a sakandare, na iya, na gama makaranta, shi ke nan babu wata ƙungiya da zan shiga, ƙwallo ta faɗi daga hannuna shekara da shekaru.

Ina da ɗan ƙanena da ke karatun injiniya a Melbon, a jihar Biktoriya ta Ostareliya. Da na kira shi ina ba shi labari sai ya ce, "Gwaggo, ai nan wasan ya zama ruwan dare. Bari ranar Laraba zan nuna miki abu." Ranar Laraba da misalin ƙarfe goma na safe, wato bakwai na dare a wurinsu, ya kira ni ta bidiyo daga wani katafaren zauren wasanni a unguwar Parkville, cibiyar netbol da hoki ta jihar. Yana sanye da rigar sanyi, don lokacin daminarmu su hunturu suke ciki. Ya juya wayar. Filaye ne a jere, kowanne da wasa a kai, usur na tashi ta ko'ina, iyaye a kan benci da kofunan shayi. Na ɗauka gasar ƙasa ce. Ya ce a'a, ta jiha ce kawai.

Daga nan na duƙufa neman sani, shi yana turo mini, ni ina karantawa da dare bayan na gama duba littattafan ɗalibai. Sunanta Gasar Netbol ta Biktoriya, kuma a 2009 aka fara ta a tsarin da take kai, ta maye gurbin tsohuwar gasar jihar. Hukumar netbol ta jihar ce ke gudanar da ita. A shekarar da nake ba ku labari ƙungiyoyi 10 ne, kowace da rukuni uku: manya, masu bi musu, da 'yan shekara 19 zuwa ƙasa. Wannan ne ya fara tsaya mini a rai. Ƙungiya ɗaya, riga ɗaya, amma yarinya tana shiga tun tana ƙarama tana kallon yayyenta, ta san inda za ta taka gaba.

Kuma kowace ƙungiya tana da gindi a wani wuri. Geelong Cougars ta garin Jilon ce. Peninsula Waves ta mutanen gaɓar teku ce a kudu maso gabashin Melbon. Melbourne University Lightning ta jami'a ce. Hawks da Casey Demons suna da alaƙa da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa irin ta Ostareliya masu waɗannan sunaye. Akwai Boroondara Express, da North East Blaze, da Southern Saints. City West Falcons, ta yammacin birnin, ita ta fi kowa ɗaukar kofin. Daga baya, a 2024, aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12, aka shigo da irin su Bendigo Strikers da Gippsland Stars don 'yan matan karkara su daina ganin abin na 'yan birni ne kaɗai. A ƙarƙashin gasar akwai ƙananan gasanni na unguwanni da makarantu, a samanta kuma akwai Melbourne Vixens da ke buga babbar gasar ƙwararru ta ƙasa wadda aka fara a 2017. Tsani ne sosai, kowane mataki a wurinsa.

Ba dare ɗaya suka gina shi ba. Wasan ya samo asali ne daga ƙwallon kwando da aka ƙirƙiro a Amurka a 1891, ya shiga kwalejin horar da malamai mata a Ingila, aka buga dokokinsa na farko a can a 1901. Ostareliya ta kafa hukumar wasan ta ƙasa tun 1927, kuma har 1970 ƙwallon kwando na mata suke kiransa. Malaman makaranta mata, irina, su suka yi ta ɗaukarsa daga wannan fili zuwa wancan. Wannan ya ƙarfafa mini gwiwa ƙwarai.

Amma abin da ya sa na zauna na yi shiru shi ne labarin Mwai Kumwenda. 'Yar Malawi ce, daga gundumar Mzimba, ta taso a ƙauye tana wasa da ƙwallon da suke ƙullawa da leda. A 2011 Peninsula Waves ta ɗauko ta, wato ba babbar ƙungiyar ƙwararru ce ta fara buɗe mata ƙofa ba, ƙungiyar gasar jiha ce. Ta yi shekaru uku a nan, ta wuce Niu Zilan, aka zaɓe ta gwarzuwar gasar kofin duniya ta 2015 a Sidni, sannan ta dawo Ostareliya ta shiga Melbourne Vixens. A 2020 suka ci kofin ƙasa, suka doke West Coast Fever 66 da 64, ita aka ba kyautar 'yar wasan da ta fi fice a ranar. Mai jefawa ce, gurbin da Doguwa take tsayawa.

Na koma wurin Alhaji da wayata. Ban yi masa alkawarin Ostareliya ba, don ba ni da ikon haka kuma ba na son in yi wa dattijo romon baka. Na nuna masa hoton matar, na ba shi labarinta, na ce, "Alhaji, abin da ya kai ta can shi ne mataki na tsakiya. Mu muna da yara, muna da fili, matakin ne babu. Ina so in fara kafa na ƙasa, ko da unguwa huɗu ne." Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Baƙar fata ce kamar mu." Na ce e. Ya ce, "Karatunta fa?" Na ce duk wadda ta faɗi jarrabawa ba za ta sa riga ba, doka ce a wurina. Ya ce to, ya ba ni zuwa ƙarshen shekara.

Abin da ya biyo baya wahala ce tsagwaronta, ba zan ja ku da nisa a kai ba. Na shiga danfo zuwa Mile 12, inda wata ƙawata da muka yi makaranta tare take koyarwa a Islamiyya, 'ya'yan masu tumatir da albasa cike da ajinta. Na je Idi-Araba, na je Obalende. Wani ofishi da na kai takardar neman taimako sun sa na yi sawu huɗu, a na biyar aka ce takardar ta ɓace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai matan unguwa suka shigo: muka yi adashe na musamman don kuɗin mota, wata tela ta ɗinka mana rigunan ɗorawa guda 14 ta manna musu haruffan gurabe, wani mai gidan burodi ya ce duk ranar wasa burodin yara a wuyansa.

Na kwaikwayi abu biyu daga Biktoriya. Na farko, rana ɗaya tsayayya da wuri ɗaya, don iyaye su san inda 'ya'yansu suke. Na biyu, kowace unguwa ta kawo manya da ƙanana, ko da ƙananan ba su iya komai ba tukuna.

Wasan farko tsakaninmu da 'yan Mile 12 aka yi. An kwana ana ruwa, sai da muka share filin da tsintsiyar kwakwa, muka sake zana layukan da garin toka, kashi uku da da'ira biyu. Ni ce alƙaliya, don babu wata. Kwata na farko usur kawai nake busawa. Wannan ta ja ƙafar da ta dira da ita, waccan ta riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 3, wata ta manne wa abokiyar karawarta alhali doka ta ce ta ja baya santimita 90. 'Yar tsakiyar Mile 12, wata gajeriya mai zafin nama, ta hana mu sakat. Doguwa kuwa tana tsaye a da'irarta, ƙwallo ba ta isa gare ta ba, don mai jefawa ba ta da izinin fita daga kashinta ta je nemowa. Na ga idonta ya kawo ruwa.

A hutun rabin lokaci na tara su na ce su daina cilla dogo, su riƙa miƙawa gajere, ƙirji zuwa ƙirji. Muna komawa ƙwallo ta bi hannu huɗu ta iso bakin da'ira. 'Yar gefenmu ta ɗaga ta sama, Doguwa ta kama da hannu biyu, ƙafarta ta dama ta kafe a ƙasa kamar an dasa. Mai tsaron Mile 12 ta yi tsalle har hijabinta ya zame. Doguwa ta jira ta sauka, sannan ta saki.

Da na juya in nuna a koma tsakiya, sai na hango farar hula a bakin katanga. Alhaji ne, tsaye da carbinsa, takalminsa duk taɓo. Bai shigo ba, bai tafa ba. Mile 12 ce ta ci mu a ranar da ƙwallo biyu. Ana tashi ya aiko yaronsa da ƙullin tsire mai zafi a takarda, da saƙo cewa na ƙungiyoyin biyu ne, kuma a faɗa wa Malama ya ga zoben gabas ya karkace, zai turo mai walda ranar Alhamis.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin zuwanmu Obalende da abin da ya same mu a kan gadar Third Mainland.