Talata: ƙarar da Fijon ke yi a hawan gada

Da safen nan na karɓo Fijon daga gareji, kuma raina fes yake lokacin da Oga ya murza makulli injin ya tashi nan take, babu hayaƙi, babu girgiza. Masu bibiyar wannan kundi sun san irin kuɗin da 504 ɗin marigayi Baba ta lashe tun da aka sauke injinta: sababbin fistin da zobba daga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, gyaran karanshaf, sannan kan silindar da aka kai aka goge saboda ya lanƙwashe ranar da motar ta yi zafi a hanyar Wudil. Na tsaya a gidan mai na cika tanki, na biya ta gida Umma ta sa mata albarka, na wuce wurin aiki ina jin daɗin yadda take ja.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Da tsakar rana, ina hawan gadar Ƙofar Nasarawa a giya ta huɗu, na taka totur sai na ji wata siririyar ƙara daga gaba, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Da na ɗaga ƙafa sai ta ɗauke, da na sake takawa sai ta dawo, da na sauko giya ta uku kuma sai ta ragu ƙwarai. Wannan ba ƙarar ƙarfe mai sako-sako ba ce. Ƙarar man da ke fashewa da kansa ce a cikin silinda: fulogi ya kunna wuta, amma kafin harshen wutar ya ƙarasa lungun ɗakin ƙonewa, sauran haɗin mai da iskar da ke can ya riga ya fashe saboda matsi da zafi, sai bugun ya sauka a kan fistin. Idan aka bar shi haka yana farfasa gefen fistin inda zobba ke zama, yana kuma cinye gaskit.

Bayan sallar la'asar na koma garejin. Oga ya shiga muka zaga ta Titin Zariya, ya saurara da kyau, sannan ya ce, “Malam, ai wannan mai ne. Man yanzu ba shi da ƙarfi. Ka sayi maganin nan na kwalba ka zuba a tanki, ni kuma in ɗan ja maka tayimin baya, shi ke nan.”

Na ce, “Oga, Allah ya ƙara girma, nawa aka cire daga kan silindar?”

Ya yi shiru kaɗan, ya ce an dai goge har ya miƙe. Na tambaya ko mai injin gogewar ya rubuta adadin, ya ce ba a saba rubutawa ba, kuma wataƙila ma ba wannan ne karo na farko da kan ya sha guga ba, tun da motar ta daɗe a hannun Baba.

Wannan amsar ce ta hana ni sukuni har yanzu da nake rubutu. Oga gwani ne, hannunsa ya san Fijo tun zamanin da ake harhaɗa su a Kaduna, amma maganar ƙarfin mai da ya yi ta kauce wa inda matsalar take. Lambar oktan ba ma'aunin ƙarfin da mai ke ba inji ba ce, ma'aunin juriyarsa ce ga matsi kafin ya kama da kansa. Ana gwada mai ne da haɗin sinadarai biyu, ɗaya mai juriya da aka ba lamba 100, ɗaya kuma mai saurin fashewa da aka ba sifili, sai a ga da wane haɗin ya yi daidai. A Turai direba yana zaɓa tsakanin 95 da 98. A Amurka ana rubuta 87 a jikin famfo bisa wani lissafi na daban, wanda ya yi kusan daidai da 91 a lissafin Turai. Mu a Kano fetur iri ɗaya ne a famfo, lambarsa tana wajen 90 ko 91, kuma babu wanda ke tambayar mutum wanne yake so. Tun da ba mu da ikon ɗaga mai ya tarar da inji, dole ne a gina injin ya sauko ya tarar da man, kuma ba a yin haka sai da awo.

Na zauna a kan bencin garejin na yi lissafin a bayan rasit. Injin lita biyu na 504 yana da cc 1971, wato kusan 493 a kowace silinda, faɗin bakinta kuma milimita 88 ne. Idan aka ɗauka matsinsa 8.8 zuwa 1 ne, wato fistin yana matse haɗin mai da iska ninki 8.8, sararin da ke saura a sama lokacin da fistin ya kai ƙoli kusan cc 63 ne. Milimita ɗaya tak da aka goge daga kan silinda tana iya cinye abin da ya kai cc 5 zuwa 6 daga wannan sarari, matsin kuma ya tashi zuwa wajen 9.5. A ido ba komai ba ne, amma ga inji mai kafireta da distirbuto, wanda ba shi da na'urar da ke jin fashewar ta ja tayimin baya da kanta kamar yadda motocin zamani ke yi, bambancin yana da yawa. Ga kuma zafin Afrilu, wanda ke sa iskar da injin ke shaƙa ta shiga da ɗumi tun kafin a matse ta.

Ban ƙi maganar Oga gaba ɗaya ba. Man 'yan bumburutu da aka surka da kananzir yana kawo irin wannan ƙarar, domin kananzir ba shi da juriyar matsi, sai dai man da ke tankina daga famfo ya fito. Jan tayimin baya ma, wato jinkirta lokacin da fulogi ke kunna wuta, yana kashe ƙarar, amma da tsada: motar za ta yi nauyi, ta ƙara shan mai, zafin kuma ya koma wajen bawul da salansa, alhali zafi ne ya kawo mu nan tun farko. Maganin kwalba kuwa akasari abin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba, kuma ba na son injin da sai na ba shi magani a kowane cikin tanki. A da dalmar da ake sa wa fetur tana rufe irin wannan asiri, amma an daina sa ta saboda illarta ga lafiya, kuma babu mai fatan ta dawo.

Yaya ya kira da magariba, da na ba shi labari ya maimaita shawararsa ta kullum cewa in sayar da motar in huta. Ban tanka masa a kan wannan ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an ƙulle injin da sabon gaskit, an ɗaure kusoshi, an karɓi kuɗin aiki, alhali a cikin duk waɗanda suka taɓa shi babu wanda zai iya faɗin matsinsa, kuma awon da zai bayar da amsar bai wuce aikin sirinji da ɗan faifan gilashi da man birki kaɗan ba. Mun rabu da Oga a kan cewa ranar Asabar za a sake cire kan, a kife shi a auna sararin kowace silinda a gabana. Idan ƙarancin kaɗan ne za mu nemi gaskit mai kauri, idan kuma ya yi yawa sai dai a koma Ƙofar Ruwa neman wani kan da bai sha guga ba. Ya ja tayimin baya kaɗan don in iya zirga-zirga kafin ranar, ya kuma ce kada in ɗora mata kaya ko in hau gada a babbar giya. Batun wanda zai biya kuɗin gaskit na biyu bai taso ba tukuna, kuma na lura shi ma ya yi ta kauce masa.